Yadda Ɗankwalina Ya Rikita Kwamfuta a Chennai

A kan keken guragu na shiga ƙasar Indiya. Mijina Bitrus ne yake tura ni, yana karo da jakunkunan mutane yana ba su haƙuri da Hausa. Sunana Rifkatu, 'yar unguwar Gude ce ni a Mubi, kuma na fi shekara ashirin ina koyar da 'yan aji uku a firamare. Ƙuguna ne ya kai ni birnin Chennai. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi muka watse, muka bi ta duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru. A rana ta biyu na zame a kan wani falalen dutse, ƙashin ƙuguna na hagu ya karye. Wani maɗori a ƙauyen da muka fake ya ɗora shi iyakar saninsa, Allah ya saka masa, amma ƙashin ya kama a karkace. Shekara biyu ina jan ƙafa. Da gari ya lafa muka koma gida, 'ya'yanmu da 'yan coci da maƙwabtanmu Musulmi suka haɗa hannu aka ce a kai ni a yi aiki.

Wanda ya tare mu a filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ne mai suna Danlami, wanda aka haɗa mu da shi ta waya. Yana hango mu ya durƙusa ya ce, "Mama, Baba, sannunku da hanya." Jin Hausa a bakin mutum a wannan uwa duniya ya sa hawaye suka zo mini. Ya karɓi fasfonmu, ya ce za a yi mana rajista a wurin hukuma. Muka miƙa masa har da godiya.

Da muka fito titi Bitrus ya tsaya turus. Keke mai ƙafa uku ne ko'ina, kamar ranar kasuwar Mubi sau ɗari.

"Maman Dauda," ya ce, "ashe nan ne garinsu."

Danlami ya sauke mu a ɗakin haya a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kowa yana ce mata Amma. Washegari ya kai mu wani ƙaramin asibiti a saman wasu shaguna. Bitrus ya dubi allon ƙofa, ya dubi takardar da aka aiko mana tun muna gida, ya ce sunan bai zo ɗaya ba. Danlami ya yi dariya ya ce ai reshe ne. Kwana huɗu ana ɗibar mini jini ana ɗaukar hoto, jiya an yi, yau a sake, ba wanda ya yi maganar aiki.

Amma ce ta fitar da mu daga duhu. Turancinta kaɗan ne, namu ma ba irin nata ba ne, ga shi tana kaɗa kai gefe da gefe yadda ba ka gane i take nufi ko a'a. Na nuna mata takardar. Ta sa tabarau ta karanta, ta nuna gabas da hannu ta ce asibitin nan yana can wajen teku, babba ne, kuma ba shi da wani reshe a saman shago. Ashe Danlami kamasho yake ci a kan duk marar lafiyar da ya karkatar.

Ni kuka na fara. Bitrus kuwa ya sa hularsa. Shi malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, mutumin da ya saba wuni a rugagen Kolere yana jiran a kamo masa bijimi ɗaya, don haka jira ba ya gajiyar da shi. Ya tafi ofishin Danlami ya zauna a kujerar baƙi. Bai zagi kowa ba. Duk wanda ya shigo, sai ya miƙe ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Ɗan'uwa, ka riƙe fasfonka a aljihunka." Tun safe har la'asar yana haka. Da mutum na biyar ya juya ya fita, Danlami ya buɗe durowa ya jefo masa fasfonmu. Bitrus ya ɗauka ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce masa, "Ka gaida gida." Ba mu sake ganinsa ba.

A asibitin gaskiya komai ya tafi daidai. Aka sa ranar aiki. Kafin ranar ta zo, abinci ne ya so ya kayar da ni. Shinkafa safe da rana, da miya mai tsami da yaji iri goma. Nakan zauna ina tunanin tuwon dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa har yawu ya cika mini baki. Mun zo da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙasan jaka. Ranar da Bitrus ya jefa daddawa a tukunya, Amma ta fito da gudu tana toshe hanci, tana zaton ɓera ne ya mutu a kicin. Muka yi ta dariya, muka zuba mata kaɗan. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Bayan kwana uku sai ga ta da ƙaramin kwano a ƙofar ɗakinmu, tana kaɗa kan nan nata. Wannan karon mun gane i take nufi.

An yi aikin lafiya, aka sa mini ƙugu na ƙarfe. Likitoci suka ce ƙashi ya zauna, saura tafiya. A nan ne abin ya tsaya. Aka ba ni wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, aka ce in taka. Na kasa. Ba zafi ne ya hana ni ba. Duk lokacin da na zo sauke ƙafar hagu, sai in ji santsin dutsen nan a tafin ƙafata, in ji ƙarar da ƙashin ya yi. Sai in maƙale wa ƙarfen in ɗaga ƙafar sama kamar kaza a ruwa. Sati uku ana fama da ni. Likitar da ke koya mini tafiya, wata doguwa mai suna Kabita, ta zaunar da mu ta ce in na ci gaba da haka naman ƙafar zai shanye, in koma Mubi yadda na zo. Ga kwanakin bizarmu suna tafiya. Na dubi Bitrus, ya dubi ƙasa. Na tuna matan da suka sayar da gyaɗarsu don in zo nan, na ji kunya ta rufe ni.

Kabita ta ce za ta tura ni ɗakin awon tafiya, a ga ainihin abin da ƙafar ke yi. Ɗaki ne dogo, babu komai a ciki sai kyamarori a jikin bango ta kowane gefe, kowace da jan haske kamar garwashi. Mai kula da su wani mutum ne mai furfura a gemu, sunansa Arun. Ya kawo wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli, girman gujjiya, ya bayyana mana cewa za a liƙa su a idon sawuna da gwiwa da ƙugu da kafaɗa. Kyamarorin ba sa ganin mutum, ƙyallin kawai suke gani. Kwamfuta ce ke haɗa ɗigo-ɗigon da layi, ta fitar da mutum na sanda irin wanda 'yan ajina suke zanawa, duk motsin da ka yi shi ma ya yi.

Wata nas ta ba ni gajeren wando matsattse. Na ce ko a mafarki. Aka yi ta ja-in-ja har aka samo dogo. Ɗankwalina kuwa na ce yana nan a kaina. Na ranar auren ɗanmu Dauda ne, mai duwatsu masu walƙiya a baki-baki. Ba wanda ya kula da shi.

Na ja ƙarfena daga wannan bango zuwa wancan, ina ɗingishi ina haki. Da na gama, Arun ya juyo mana da allon kwamfuta, sai na ga fuskarsa ta canza. Mutumin sandan ya fito, amma ba mutum ba ne. Kyamarori sun ga duwatsun ɗankwalina sun ɗauka gaɓoɓi ne. Kwamfuta ta rasa ina ne gwiwa ina ne kai, sai ta ɗauki ƙafar hagu ta maƙala a saman kaina. Duk takun da na yi, ƙafar nan sai ta harba sama ta yi juyi kamar wutsiyar saniya tana korar ƙuda. A wani wurin ƙarfen dogarawa ya tare ƙwallon gwiwa, kwamfuta ta ruɗe, ta wurga gwiwar can ƙarshen ɗaki ta dawo da ita.

Bitrus ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya cije leɓe, ya dubi silin. Daga ƙarshe ya fashe.

"Maman Dauda, ke da aka ce ba ki iya taka ƙasa, ashe sama kike takawa!"

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai abin ya sake harba ƙafa, dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har na riƙe ɗinkin ƙuguna. Rabon da in yi irin wannan dariyar tun kafin gudu.

Arun ya yi ta ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne, a cire ɗankwali a sake. Aka rufe shi da tawul aka sake, aka sami awon da likita ke so. Muna shirin fita ya ce, "Madam, ina da roƙo." Ya ce shi asalinsa zane ya karanta, neman abinci ne ya kawo shi asibiti. Ƙa'ida ita ce duk awon da ya lalace a goge shi. Shi kuwa ya daɗe yana ganin lalataccen ya fi mai kyau kyau. Ya nuna mana wasu da masu su suka yarda ya ajiye. Yakan sa kowane ɗigo ya bar sawu mai launi a bayansa, kamar yadda itacen wuta ke barin layi in yaro ya juya shi. Inda kwamfuta ta rikice ta yi tsalle, a nan layukan ke buɗewa su yi fure. Ya yi wa nawa haka a gabanmu. Sai ga wani abu kamar zangarniyar dawa iska tana kaɗa ta, ja da ruwan ƙwai, yana tafe yana sheƙi. Ya ce zai nuna aikinsa a wani ɗakin baje zane nan da wata guda, yana so ya sa nawa.

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Malam Arun, gurguwa za ka kafa a bango mutane su zo su yi dariya?"

Ya ce, "Babu fuska, babu jiki, ɗigo ne kawai. In kin ce a'a, yanzu zan goge a gabanki." Ya ɗora yatsa a kan maɓallin yana jira.

Na sake kallon abin. Shekara biyu duk wanda ya ga tafiyata sai ya ce sannu. Wannan ne karo na farko da aka kalle ta aka ce tana da kyau. Na ce, "Bar shi. Amma wannan kaɗan ne. In na juya kai da ƙarfi, me zai yi?"

Ya ce bai sani ba, sai an gwada.

Daga nan duk ranar da na koma awo sai a raba lokacin gida biyu. Kashi na farko na Kabita ne, a rufe ɗankwali a yi awo na gaskiya. 'Yan mintocin ƙarshe namu ne, na ɓata aiki. Kabita ba ta so ba da farko, ta ce nan asibiti ne ba gidan biki ba. Ta yarda ne kawai don ta ga ina zuwa da wuri, ni da a da sai an lallashe ni.

Na zama gwanar rikita kwamfuta. Nakan kwana da dabara in tashi da ita. Na sa aka liƙa ƙwallaye biyu a ƙarfen dogarawa, kwamfuta ta ba ni ƙafa shida. Na ɗaura ɗankwalin a ƙugu, ta mai da ni kamar tulu mai fukafukai. Da tsohuwa Amma ta ji labari ta ara mini wani mayafinta mai zaren azurfa, ranar nan allon ya cika da ɗigo kamar an watsa gero. Arun yakan riƙe kai ya ce shekara nawa yana aikin nan bai taɓa ganin ɓarna mai kyau irin wannan ba. Muka gano kuma cewa kuskuren ya fi armashi in na juya da sauri, domin a lokacin ne wasu ƙwallaye ke ɓoyewa kwamfuta ta shiga ƙirƙira. To juyi da ƙarfe mai ƙafa huɗu wahala ne. Sai na koma riƙe shi da hannu ɗaya don in kaɗa mayafi da ɗayan. Ban lura ba cewa in hannu ɗaya ya saki, ƙafar hagu ce ke ɗaukar nauyin. Kabita ta lura. Ta daina ƙorafi, ta koma tsayawa a bakin ƙofa da hannu a ƙirji.

A sati na uku na ce wa Arun akwai rawar da muke yi a gida bayan girbi, mata su jeru suna buga ƙafa suna girgiza kafaɗa, ina so in ga yadda kwamfuta za ta yi da ita. Babu ganga, sai na ce Bitrus ya yi mini tafi. Ya ce shi dattijon coci ne, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa rawa ba, amma tafi ba laifi. Arun ya ce to ya shigo fili ya tsaya kusa da ni saboda tsaro, ya liƙa masa ƙwallaye a kafaɗa da gwiwa wai don a san inda yake.

Bitrus ya fara tafi. Na ɗauko waƙar da yarenmu. Kafaɗa ta tuna abinta. Na kaɗa mayafi dama, na kaɗa hagu, na ga ƙarfen nan ya tare mini hanya, na ture shi gefe kamar yadda ake ture kujera. Na buga ƙafar dama. Na buga ta hagu. Sai da na yi taku bakwai ko takwas kafin hankalina ya dawo na ga hannuwana biyu a sama, babu abin da nake riƙe da shi. Nan take tsoron ya dawo, na tafi zan faɗi.

Bitrus ya tare ni ta ƙugu. Nauyina ya ja shi, ya yi taga-taga, ya ja da baya taku uku, ya yi gefe, ya juya da ni sau ɗaya kafin muka tsaya. Muna haki muna kallon juna.

"Kin taka," ya ce. "Wallahi kin taka, Rifkatu." Ya fi shekara ashirin bai kira sunana ba.

Kabita ta zo ta duba ƙugun, ta ce lafiya lau. Sannan ta ɗauki ƙarfen dogarawan ta fita da shi, ta dawo da sanda guda ɗaya ta miƙa mini. Tana ta faɗa da Arun da yarensu, amma idonta ya kawo ruwa.

Da muka duba allo, kwamfuta ta kasa raba mu. Ta haɗa ƙwallayena da na Bitrus ta yi halitta ɗaya mai ƙafa huɗu da kafaɗu huɗu, tana lilo, tana juyi, mayafin azurfa yana zuba a kanta kamar yayyafi. Taga-tagar da ya yi don kada mu faɗi ta fito kamar salon da aka yi wata ana koyo.

Ranar baje zanen na shiga ɗakin da ƙafata da sandata, Amma tana gefena cikin kayan fita. An haska aikin a bango tun daga ƙasa har sama. Arun ya so ya rubuta "mace daga Afirka" a ƙasa, na ce masa Afirka ba unguwa ba ce, ya rubuta Rifkatu da Bitrus, Gude, Mubi. Haka ya rubuta. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Ba wanda ya yi dariyar reni. Wata mata mai ciki ta tsaya a gaban namu har ya maimaita sau uku, tana kaɗa kafaɗa ba ta sani ba. Wani farfesa ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan fasaha. Na ce masa a ɗakin awon guragu, ya ɗauka wasa nake.

Rabuwa da Amma ta yi wuya. Na bar mata sauran daddawar, ta ce mayafin ya zama nawa. Arun ya sa mana aikin a wayar Bitrus.

Mun iso Mubi da damina, mayo, wato kogin garinmu, ya cika, hanyar gida duk taɓo. Na sauka daga mota na taka shi da ƙafata. Ranar Lahadi bayan sujada matan zumunta suka kewaye ni a gindin darbejiya, kowa na son labarin Indiya. Na karɓi wayar na kunna musu. Suka duƙufa suna kallon halittar nan mai ƙafa huɗu tana juyi. Na ce ni da maigidana ne. Wata tsohuwa mai suna Mama Tabita ta kawo wayar dab da idonta, ta bi ƙafafun baya da yatsa, sai ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a ku zo ku gani! Dattijo Bitrus yana rawa a Indiya!"

Kafin ka ce me, har maza sun taru, fasto ma ya leƙo. Bitrus yana tsaye can gefe da Littafi a hammata. Ya gyara tsayuwa, ya gyara hula, ya ce da muryar da yake karanta sanarwa da ita:

"Kuskuren kwamfuta ne."

Mama Tabita ta ce to a sake kunna kuskuren, ba ta ƙoshi ba.